Kukan birkin keke, da batun ko a sayi abin saita roba

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce ka sayi keken giya na hannu mai birkin V, ka canja masa robobin birki da kanka, kuma tun ranar ba ka huta ba: da ka matsa birkin gaba sai ya kurma ihu har masu shaguna su ɗago kai. Ka ce ka ga wani ɗan abu a intanet da ake maƙalawa a jikin rim don ya saita robar, kana tambaya ko ka yi odarsa.

Kar ka yi odarsa tukuna. Abin ba damfara ba ne, yana yin aikin da aka ƙera shi dominsa, na ma taɓa aiki da irinsa. Sai dai aikin nasa ɗan kaɗan ne a cikin saitin birki, kuma tsohon katin ATM ko ɓallin tsohon tub zai yi maka shi kyauta. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a tambayar taka ma ba kukan ba ne. Wanda ya ɗaura roba karon farko kunnensa na kan ƙara, alhali kuskuren da zai kayar da shi a titi ba ya yin ƙara ko kaɗan. Zan zo kansa.

Ka taɓa lura da mai goge kafin ya fara kiɗa? Yakan shafa ƙaro a izgarsa, don in ya ja ta a kan tsirkiya ta riƙa kamawa tana saki, tana kamawa tana saki, da saurin da ido ba ya gani. Wannan kamu da sakin shi ne sautin. To birkinka goge yake yi maka ba ka gayyace shi ba. A wurin da birki yake, rim yana gudu ne zuwa gaban keke. In roba ta kama shi sai ya ja ta gaba. Ƙafar birkin da robar ke ɗaure a jiki ba dutse ba ce, tana ɗan murɗewa, ga kuma ɗan wasa a inda take juyawa. Murɗewar nan ita ke sa ƙarshen robar na baya, mu kira shi ƙeya, ya nutse cikin rim, goshin kuma ya ɗaga. Ƙeyar ta ciza, ƙafar ta lanƙwasa iya lanƙwasawarta, ta suɓuce ta dawo, ta sake cizo. Fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe wilin gaba, da rim kuma su ɗauki wannan kakkarwar su mai da ita ƙara.

Maganin da masu gyara suka daɗe da sani shi ne ka riga murɗewar. Ka ɗaura robar a ɗan karkace yadda goshinta, wato ɓangaren da ke kallon gaban keke, zai riga taɓa rim, ƙeyar kuma ya rage mata saura ƙiris. In ka matsa da ƙarfi, murɗewar da kanta za ta kwantar da robar ta zauna daram. Haka ake yi wa birkin gaba, haka na baya, duka goshin gaban keke yake kallo. Ratar da ake bari a ƙeya rabin milimita ce zuwa milimita 1. Katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, ka ga ya faɗa tsakiya. In ka zarce, ka kai milimita 2 ko 3 kamar yadda nake gani a kekunan da ake kawo mini, kukan zai tsaya amma hannun birkin zai yi laushi kamar soso, sai ka ja shi ya kusa taɓa kan keke kafin robar ta zauna, goshin kuma ya cinye tun sauran robar tana sabuwa.

Wannan 'yar ratar ita ce babban abin da na'urar da ka gani take sayar maka. Riƙe wannan, mu ci gaba.

Yawancin birkin da ake kawo mini da sunan roba ta ƙi saituwa, ba robar ce da laifi ba. Don haka kafin ka ɗauki alanki, ɗan makullin nan mai kusurwa shida na kwance noti, duba wilin. Ka sassauta shi, ka tsayar da keken a ƙasa, ka danna kan keke yadda aksil zai shige bakin fok har ƙarshe ta ɓangarorin biyu, sannan ka ɗaure. Wili in ya zauna a karkace, duk saitin da ka yi a kansa zai rushe ranar da aka cire shi don yin faci. Sai ka ɗaga gaban keken ka juya wilin kana kallon tsakanin roba da rim. In rim yana zuwa yana komawa fiye da kamar milimita 1, aikin sifoko ne, a fara miƙe shi. Ka kama wilin ka girgiza shi hagu da dama: in ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin hob, wato cibiyar wilin, ya saki. Sannan ka kama ƙafar birkin ita kanta ka ja ta gaba da baya. In tana wasa sosai, duba notin da ya ɗaure ta a jikin fok. Babu na'urar da ke duba maka ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma wanda ya saita roba a kan wili mai rawa kamar mai shafe ne a katangar da ba ta gama tsagewa ba.

Yanzu abin da na ce ya fi tsaya mini a rai: bisa da ƙasa, wato inda robar ke sauka a gefen rim. Lokacin ina yaron shago, maigidana ya bar mini keken wani ɗan makarantar sakandare in sa masa roba. Na sa, na matsa, birki ya kama tsaf, ba ƙara, na cika da jin kai. Abin da ban lura ba shi ne robar baya ta hau sama da ƙiris, leɓenta yana shafar taya duk sanda aka matsa da ƙarfi. Ba a fi kwana goma ba sai ga yaron yana turo keken, gwiwar hannunsa a kuje. Tub ya leƙo ta gefen taya ya fashe yana cikin gangara. Maigida bai yi mini faɗa ba. Cire tayar ya yi ya miƙo mini, ya ce in bi gefenta da yatsa. Na bi. Zobe ne guda ya zagaye tayar kaf, robar gefen ta cinye, zaren ciki ya fito fari kamar an bi shi da reza. Kuɗin sabuwar taya kuwa a ɗan abin da ake ba ni na mako aka cire. Har yau ba na sallamar keke sai na durƙusa na kalli robar daga gefe, taya cike da iska, ina matse da birki.

Takardar da kamfanin kayan keke na Shimano ke haɗowa da birkinsu tana cewa a bar milimita 1 tsakanin saman roba da bakin rim na sama, kuma wannan ƙa'ida ce mai kyau ga kowane birki. Amma a yi dubawar bayan an cika taya da iska, don taya in ta cika gefenta yana kumburowa. A kuma juya wilin zagaye guda ana dubawa, saboda rim da ya sha ramuka yakan yi tudu da kwari, wurin da ya nutse nan roba za ta cimma taya. In kuma robar ta yi ƙasa da yawa, rabinta ne ke cin rim, rabin yana lilo a iska. A hankali sai ɓangaren da ba ya ci ya zama leɓe, ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashin rim, ka saki birki ya ƙi saki. In abin ya yi muni robar ta zame gaba ɗaya ta faɗa cikin sifoko, kuma in a wilin gaba ne wannan ya faru, ta saman kan keke za ka sauka.

Akwai abin da ba kowa ke lura da shi ba a nan. Roba ba miƙe take zuwa wurin rim ba, lanƙwasa take yi kamar ƙofa a jikin ƙyaure, don ƙafar birki juyawa take a kan noti. A birkin V irin naka, wanda Shimano suka fito da shi a 1996 ya maye gurbin tsohon birkin da ake kira kantiliba a kekunan hawan dutse, notin juyawar yana ƙasa da rim. Saboda haka robar tana shigowa tana sunkuyawa ƙasa, kuma duk yadda ta ƙara cinyewa haka za ta ƙara sauka. Shi ya sa ake ɗaura ta kusa da sama, a bar mata wurin sauka. Birkin kekunan tsere mai notin juyawa biyu, wanda ya yaɗu tun farkon shekarun 1990, shi ƙafafunsa ba hali ɗaya gare su ba. Ƙafar da ke juyawa a notin tsakiya tana sauka, wadda ke juyawa a notin gefe tana hawa. Mai saukar a sa ta sama kaɗan, mai hawan a sa ta ƙasa kaɗan, don ita ce ke bin taya in ta tsufa. Ba sai ka haddace ba. Ka matsa birkin a hankali kana kallo, za ka ga inda kowace ƙafa ta nufa.

Sai wasoshi, wato 'yan zobban ƙarfen da ake sawa tare da noti, kuma ina zargin nan matsalarka take. Robar birkin V tana zuwa da tarin wasa a jikin sandarta, mutum ya kwance su zube a ƙasa, ya mayar da su yadda ya ga dama. Biyu masu rami ne kamar kwano, ɗaya mai kauri ɗaya siriri. Biyu masu tudu ne, gefe ɗaya a kumbure ɗaya a shafe. Jerin shi ne: roba, mai rami, mai tudu, ƙafar birki, mai tudu, mai rami, siririn wasa, noti. Gefen da yake a shafe na masu tudun shi ke jingina da ƙafar birki, tudun kuma ya zauna cikin ramin ɗan'uwansa kamar ludayi a ƙwarya. Wannan zaman shi ke ba robar damar karkata ko'ina ka so. In an juya su, ko ɗaya ya ɓata aka cike gurbin da wasan banza, robar ba za ta karɓi karkata ba, ko da na'ura ko babu. Mai kauri da siriri kuwa kai za ka zaɓi wanda zai shiga ciki. Abin da ake nema shi ne in roba ta taɓa rim, ƙafafun biyu su tsaya kusan a miƙe, ba su buɗe kamar almakashi ba, ba su kuma rungume taya ba. Rim siriri yana son mai kauri a ciki, rim mai faɗi yana son siririn.

Ka duba jikin robar kuma, galibi akwai kibiya da ke nuna gaba, da harafin L ko R na hagu da dama. In irin wadda ake zura ta cikin gidan ƙarfe ce, rufaffen bakin gidan shi ne zai kalli gaban keke, buɗaɗɗen ya kalli baya. In ka juya shi, rim zai riƙa jan robar zuwa ƙofar fita, kuma ɗan fil ko ɗan sukurun da ke riƙe ta shi kaɗai ya rage tsakaninka da birki marar roba.

To ga yadda nake yi. Birkin V alanki mai lamba 5 yake ci, na kekunan tsere galibi 4, tsofaffin kuma sifana 10. Na sassauta notin har robar ta riƙa motsi in na taɓa ta, amma ba ta faɗuwa da kanta. Na zare sifirin ɗin wannan ƙafar daga ɗan ƙugiyar da ke riƙe shi, sai ƙafar ta daina gudu baya, ta kwanta a jikin rim. In ba ka son taɓa sifirin, yanko ɓallin tsohon tub ka ɗaure hannun birkin da kan keke, ya matse maka. Sai in zura kati a ƙarƙashin ƙeyar robar, kamar santimita 1 kawai, ba duka tsawonta ba. In babu kati, kwalin magani da aka ninka biyu ya isa, ko robar ɗaure kuɗi a zagaya ta a ƙeyar. Na danna ƙafar da babban yatsa, goshi ya taɓa rim, ƙeya ta hau kan kati. Daga nan kallo biyu nake yi. Ta gefe, in ga robar ta bi lanƙwasar rim, goshi da ƙeya nisansu da taya ɗaya. Ta gaba, in ga fuskarta ta kwanta gaba ɗaya, ba bakin sama kaɗai ko na ƙasa kaɗai ke taɓawa ba.

Wurin ɗaurewa ne mutane ke ɓata aikin da suka gama. Noti in yana matsewa yana ɗaukar robar ya juya da ita, ka gama ka ga goshi ya kalli sama ko ƙasa. Don haka kar ka ɗaure a ja ɗaya. Ɗan matsa, ka duba, ka gyara, ka ƙara matsawa, yatsunka biyu riƙe da robar suna hana ta bin notin. In ta fi ƙarfin yatsa, kama ta da sifana mai baki a hankali. Shimano sun rubuta ƙarfin ɗauri na niyuton-mita 6 zuwa 8 ga wannan notin, amma ba kowa ke da sifanar awo ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka kama robar da hannu ka yi ƙoƙarin murɗa ta da ƙarfinka. In ta motsa ba ta ɗauru ba. Sai ka mayar da sifirin, ka koma ɗaya gefen.

Saura waya da daidaita tsakiya, su ba su da wuya. Kowace roba ta tsaya kamar milimita 1 zuwa 2 daga rim, kuma in ka matsa iya ƙarfinka ya zama akwai sauran wurin yatsa tsakanin hannun birki da kan keke. In gefe ɗaya yana gogar rim bayan ka saki, akwai ɗan sukuru a gindin kowace ƙafa. Na gefen da ke gogar ka shigar da shi rabin juyi, ka matsa birki sau uku ko huɗu, ka sake dubawa. Kar ka gyara wannan da kwance roba.

Yanzu mu dawo kan na'urar. Sanannun irinta akwai ta kamfanin Tacx na ƙasar Holan da ta Jagwire. Dabararsu ɗaya ce: wani abu ne da ke shiga tsakanin roba da rim ta gefen biyu, an yi fuskarsa a ɗan gangare, sai ka matsa birki robobin su kwanta a kansa, ka ɗaure. Ka cire shi, ka tarar da rata iri ɗaya hagu da dama. Wannan gaskiya ne, yana yi, kuma yana rage fama da kati mai zamewa. Amma dubi abin da muka bi daga sama: zaman wili, rawar rim, boris, jerin wasoshi, inda ƙafa ke nufa in roba ta cinye, juyawar roba wurin ɗauri. Duk suna nan suna jiranka ko ka saye shi. Bayan haka shi ma yana da kauri, don haka sau da yawa sai ka sassauta waya kafin ya shiga, ka sake ɗaure ta bayan ka gama. Kuma tunda robar a kansa ta zauna ba a kan rim ba, in ka cire shi ƙafar za ta ƙara ɗan tafiya kafin ta isa rim, ta sauka ƙasa kaɗan da inda ka sa ta. Bambancin ba shi da yawa, amma dai dole ka durƙusa ka duba da ido, wato aikin da ka saye shi don ka huta da shi.

Akwai kuma abin da masu tallarsa ba sa faɗa: ratar nan ba ta daɗewa. Goshi shi ke fara ci, bayan 'yan makonni na hawa kullum fuskar robar ta daidaita da rim, ratar ta ɓace. Yawancin birki ba sa komawa kuka bayan haka, don robar ta riga ta saba da rim. Ka ga ke nan ana neman daidaito na gashin ido a kan abin da hanya za ta shafe. Ni birkin da ba ya kuka a kwance, musamman na kekunan tsere masu ƙafa gajere mai ƙarfi, a kwance nake barinsa, don ya fi kamawa tsaf a hannu.

Wanda zan ce ya saya shi ne mai shagon da ke haɗa sabbin kekuna daga kwali, iri ɗaya goma ko ashirin a rana, ko mai yara masu koyo da yake son aikinsu ya fito bai ɗaya. A nan mintin da aka rage a kowane keke yana taruwa. Kai mai keke ɗaya da za ka canja roba sau ɗaya ko biyu a shekara, kuɗin na'urar da kuɗin kawo ta sun isa ka sayi abin da zai fi yi maka amfani. Na farko saitin alanki na ƙarfen kirki, don na banza shi ke cinye kan noti ya bar ka da ciwon kai. Na biyu roba mai kyau. In kana son kayan aikin birki na musamman dole, wanda Turawa ke kira hannu na huɗu, mai jan waya ya riƙe ta kana ɗaure noti, irin wanda Park Tool na Amurka ke yi, ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba. Shi ma filaya tana maye gurbinsa in hannunka ya saba.

In ka yi duk wannan kukan bai tsaya ba, to ba karkata ba ce. Cire robar ka kalli fuskarta. In tana ƙyalli kamar an shafa mata mai, ta ƙone ta yi santsi, goge ta da samfefa ko magagari har baƙin asali ya fito. Za ka iya ganin 'yan ƙananan abubuwa masu walƙiya a nutse cikinta: ɓarɓashin alminiyon rim ne da tsakuwa. Tone su da allura ko bakin wuƙa, don su ne ke yin wannan ƙarar ta ƙarr kamar ana wasa wuƙa, kuma rim ɗinka suke ci. A ƙasarmu wannan ya fi yawa, ƙurar hunturu da taɓon damina in suka shiga tsakanin roba da rim samfefa suke zama. Sai ka wanke gefen rim da sifirit ko ruwan sabulu. Kar ka sa kananzir, yana barin maiƙo. Kuma don Allah kar ka bi shawarar masu cewa a ɗiga baƙin mai a roba ta yi shiru. Za ta yi shiru kam, keken ne ba zai tsaya ba.

Ita robar ma ka gwada ta da farce. In farcenka bai iya nutsewa ko kaɗan ba, ko dai ta arha ce mai tauri kamar bokiti, ko ta daɗe a rana ta bushe, kuma irin wannan ko wa ya saita ta sai ta yi kuka. Masu kyau suna da suna, misali Kool-Stop mai launin jan ƙasa, wadda ake haɗa robarta da tsatsar ƙarfe, tana kamawa sosai a ruwa. Amma ko ta Shimano ta talaka in ta asali ce ta wadatar. Tunda kekenka na hannu ne, shafa gefen rim ɗin da yatsa. In ya yi kwari kamar cokali, ko layin da wasu kamfanoni ke tsagawa a gefen don nuna ci ya shafe, rim ɗin ya ƙare, iskar taya tana iya tsaga shi. Ka kuma tabbata hannun birkin na birkin V ne. Kekunan hannu sau da yawa haɗe-haɗe ne, kuma birkin V yana bukatar hannu mai jan waya da yawa. In aka haɗa shi da na kantiliba ko na keken tsere, zai yi laushi har ya taɓa kan keke, duk yadda ka saita roba.

Wataƙila akwai wani keken a gidanku da ba shi da waɗannan wasoshi masu tudu, irin birkin da robarsa noti ɗaya ne kawai. Da can mukan kama ƙafar birkin da sifana mu ɗan murɗa ta. In ƙafar baƙin ƙarfe ce tana jurewa. In alminiyon ce kar ka yi, yana tsagewa a ɓoye ya karye ranar da ba ka zata ba. Gara ka ɗauki magagari ka rage ƙeyar robar kaɗan. Shi kuwa keken baba, Raleigh ko Phoenix ko Hero mai taya inci 28 da birkin sanda, lissafinsa daban ne. Robobinsa ba gefen rim suke matsa ba, sama suke ja su kama cikinsa ta ɓangaren sifoko, don haka na'urar da ka gani ba ta da wurin zama a jikinsa sam. Abin dubawa a nan shi ne robobin biyu su taɓa lokaci ɗaya, kar su kusanci kan sifoko, rufaffen bakin gidansu ya kalli gaba, rim kuma ya zama ba tudu ba kwari, in ba haka ba birkin zai riƙa fizga. Rim ɗinsa ƙarfe ne mai ƙyalli, in ya jiƙe roba ba ta kama shi da wuri, shi ya sa tsofaffin mahaya ke fara jan birki tun daga nesa in ana ruwa.

In ka gama, kar ka fita titi kai tsaye. Tsaya a gefen keken, matsa birkin gaba ka tura: wilin baya ya kamata ya ɗaga. Matsa na baya ka tura: taya ta ja ƙasa ba ta juya ba. Sai ka hau a fili ko layin da ba motoci, ka yi gudu kaɗan ka tsaya kamar sau goma, kana ƙara ƙarfi a hankali, don sabuwar roba takan yi ɗan kuka a farko kafin ta zauna. Bayan mako guda ka sake gwada notin robobin da hannu, sannan ka juya wilin a hankali kana kallon gefen taya dab da rim. In ka ga wani siririn layi mai ƙyalli ya fara zagaye ta, sauke robar ƙasa a ranar, kafin ka sake hawa.